Wace Manhaja Zan Koyi Ƙera Siffofin 3D da Ita? Tambayoyi da Amsoshi ga Sabon Mai Haɗa Wasan Bidiyo

Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin waɗanda suka sauke injin haɗa wasa, suka buɗe shi cike da zumuɗi, suka tarar da fili fetal babu ko kujerar zama. Na tara su wuri ɗaya ne don in huta da maimaitawa. Wasu amsoshin ba sa buƙatar dogon turanci, wasu kuwa sai an gyara zama.

Ba na son dogon bayani. Wacce zan ɗauka?

Blender. Kyauta ce, tana aiki a kan Windows da Mac da Linux, nauyinta wajen saukewa bai kai rabin gigabayit ba, kuma tun daga ƙera siffa har zuwa shafa mata fenti, sa mata ƙasusuwa da motsa ta, duk a cikinta za ka yi. Ka je shafinta na asali ka sauke. Sauran bayanin da ke ƙasa na wanda bai gamsu ba ne, da kuma wanda ya riga ya sauke ya ci karo da matsala.

Ashe injin wasa irin Unity ko Unreal ba ya yin wannan aikin da kansa?

Aikinsu daban. Manhajar ƙira ita ce shagon kafinta, inda ake sassaƙa ƙofa, kujera, mota, mutum. Injin wasa shi ne filin da ake kai kayan, a jera su, a kunna haske, a ce idan ɗan wasa ya danna kaza, kaza zai faru, idan ya faɗo daga katanga ga yadda zai sauka. Gaskiya ne injunan suna da 'yan kayan ƙira a jikinsu: Unity na da ProBuilder, Unreal na da sashen ƙira nasa, Godot, wanda shi ma injin wasa ne, na iya harhaɗa akwatuna da gangaye. Sun isa ka zayyana tsarin unguwa a gurguje, ka gwada ko lungun ya yi ƙunci ko katangar ta yi tsawo. Amma idan aka zo ƙera fuskar mutum ko adaidaita sahu da fitilunta da labulenta, sai an koma shagon kafinta.

Wani zai ce ya ji Blender ma tana da injin wasa. Da can tana da shi, amma an cire shi a sigar 2.80 da ta fito a 2019. Idan ka ga tsohon darasi yana nuna maka shi, ka wuce.

Araha ba ta ado. Ta yaya abin kyauta zai kamo wanda ake saya da dubban daloli?

Tambayar tana kan hanya, don mun saba ganin kyautar da ke da ƙugiya a ciki. Tarihin Blender ne amsar. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ya fara rubuta ta a 1994 don amfanin sutudiyonsu. Daga baya ya kafa kamfani don tallata ta, kamfanin ya durƙushe a 2002, masu hannun jari suka riƙe manhajar. Sai ya nemi jama'a su yi karo-karo a fanshe ta. Cikin mako bakwai aka tara Yuro 100,000, kuma a watan Oktoba na 2002 aka saki lambobinta ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL. Wannan lasisin shi ne ƙashin bayan maganar: babu wanda zai wayi gari ya rufe abin da aka riga aka saki ya ce sai an biya. Gidauniyar Blender da ke Amsterdam ce ke kula da ita, da gudummawar mutane da kamfanoni. Epic Games, masu Unreal, sun ba ta dala miliyan 1.2 a 2019.

Maganar inganci kuwa, fim ɗin zane mai suna Flow, wanda Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya shirya da Blender, shi ya lashe kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025. Manhajar da ta kai wani can ba za ta gaza ƙera maka turmi da taɓarya ba.

Kuma duk abin da ka ƙera da ita naka ne halak malak. Lasisin ya shafi manhajar ce, bai shafi aikin hannunka ba. Ka sayar da wasanka, babu wanda zai biyo ka karɓar kaso.

Amma an ce manyan kamfanonin wasa Maya da 3ds Max suke amfani da su. Ba zan yi asarar lokaci ba?

An faɗa maka gaskiya. Maya da 3ds Max, dukkansu na kamfanin Autodesk, sun daɗe a manyan sutudiyo, musamman Maya wajen sa wa siffa ƙasusuwa da motsa ta. Dalilin ba wai sun fi kowa iya ƙera akwati ba ne. Sutudiyon da ya shekara ashirin yana aiki da manhaja ɗaya ya riga ya gina nasa kayan aikin a kanta, ma'aikatansa sun saba, sauyawa sai ya ci kuɗi mai yawa. To kai fa? Ba ka da ma'aikata ɗari, ba ka da tsoffin fayiloli na shekara ashirin. Abin da ya ɗaure su bai ɗaure ka ba.

Sai kuɗi. Ba a sayen Maya a mallake ta, hayarta ake yi, kuma cikakken lasisinta na shekara ɗaya yana wajen dala 2,000. Akwai mai rahusa da ake kira Indie ga masu ƙaramin ƙarfi, amma ba a kowace ƙasa ake samunsa ba. Ka lissafa wannan a naira ko sefa, ka haɗa da fitinar biyan kuɗi da dala ta katin banki, ka ga inda aka dosa. Ɗalibin da makarantarsa ta cika sharuɗɗa zai iya samun lasisin karatu kyauta, sai dai ba a yarda ya yi aikin kasuwanci da shi ba. 3ds Max kuma Windows kawai ta sani.

Abin da ya kamata ya kwantar maka da hankali: ilimin yana bin ka duk inda ka je. Ɗigo, layi da fuska, waɗanda da su ake gina kowace siffa, iri ɗaya ne a ko'ina. Wanda ya iya tsara fuskokin gwiwar hannu yadda za ta lanƙwashe ba tare da ta murɗe ba, ya iya ke nan, ko a Blender ko a Maya. Abin da zai sake koya wurin maɓallai ne, kamar direban da ya sauya mota. Mai ɗaukar ma'aikaci ma aikin hannunka zai fara dubawa. Idan har wata rana aka kira ka aiki inda Maya ce dole, ka koye ta a lokacin.

Wani abokina ya ce zai tura mini Maya da aka fasa, kyauta.

Ka gode masa, ka bar masa abarsa. Ban da cewa haƙƙin wasu ne, irin waɗannan fayilolin sanannen gidan ƙwayoyin cutar kwamfuta ne, kuma tun wajen girkawa ake umartarka ka kashe mai gadin kwamfutar da hannunka. Ranar da ka so sayar da wasanka kuma, ga ka da aikin da aka yi da kayan sata. Da a ce babu mafita, da sai a ce larura ce. Ga halal a ajiye kyauta.

Kwamfutata ta hannu ce, tsohuwa, RAM ɗinta 4 ko 8. Za ta ɗauka?

Sigogin Blender daga 4.0 zuwa sama suna neman aƙalla RAM gigabayit 8 da katin hoto mai fahimtar OpenGL 4.3, wato tsarin da manhaja ke magana da katin hoto da shi. Idan taka ta gaza, kada ka karaya. Duk tsoffin sigogi suna nan a ma'ajiyar shafin Blender, kuma 3.6 ko 3.3 suna buɗewa a kwamfutocin da sababbin suka ƙi. Akwai ma sigar da ba a girkawa, a filashi kake yawo da ita, ka warware ka kunna. Wannan na da amfani ga wanda ke aron kwamfuta, ko ga abokai biyar da ba sa son kowa ya ƙone datarsa wajen sauke abu ɗaya.

Mutane suna ruɗa abu biyu. Abin da ke sa kwamfuta huci har fankarta ta yi kuka shi ne fitar da hoto mai kama da na gaske da Cycles, sashen Blender mai wannan aikin, da sassaƙa mai miliyoyin fuskoki. Mai ƙera kayan wasa ba ya buƙatar na farkon ko kaɗan, domin injin wasa ne zai haska kayan, ba Blender ba. Ƙera tulu mai fuska ɗari biyu ba ya wahalar da kowace kwamfuta.

Injin ne ma ya fi zama abin dubawa. Unreal yana cin gomman gigabayit a faifai, kuma yana son katin hoto na kirki. Godot bai kai megabayit 200 ba, kuma yana da tsarin nuna hoto na musamman don tsoffin na'urori. Mai ƙaramar kwamfuta, Blender da Godot su ne auren da ya dace da shi.

Abu ɗaya da zan ce lallai ka kashe wa kuɗi: linzami mai ƙafar gungurawa a tsakiya. Da wannan maɓallin na tsakiya ake juya kallo a Blender, sau ɗaruruwa a zama ɗaya. Akwai saitin da ke kwaikwayonsa a kan faifan shafawa na laftof, na kuma gwada shi na 'yan kwanaki, wuyan hannuna ne ya ba ni amsa.

Waya kawai gare ni.

Za ka iya fara taɓawa. Blockbench kyauta ce, tana buɗewa a burauza har ta waya, kuma an yi ta ne don siffofi masu kusurwa irin na Minecraft. Nomad Sculpt tana ba ka damar mulmula siffa da yatsa kamar yumɓu, amma ana biyan kuɗi. Godot ma yana da sigar Android. Duk wannan zai koya maka kallon abu ta fuska uku, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba zan yaudare ka ba, kammala wasan 3D a kan waya wahala ce da ba ta da dalili idan akwai hanyar tara kuɗin laftof ta hannu.

ZBrush, Substance Painter, Houdini fa? Kullum ina jin sunayensu.

Kowacce gwanar abu ɗaya ce. ZBrush, wadda yanzu take hannun Maxon, ta sassaƙa ce: tamojin fuska, jijiyar hannu, ɓawon kada. Substance Painter, da Adobe ya saya tare da kamfanin Faransa da ya ƙirƙire ta a 2019, ta fenti ce: tsatsa, ƙura, karcewar ƙarfe. Houdini ta kamfanin SideFX na Kanada ta gina abubuwa ce da ƙa'idojin lissafi, kamar gari guda ko rushewar gini. Ba ka buƙatar ko ɗaya a shekararka ta farko. Ranar da Blender ta fara matse ka a wani fanni har ka iya faɗin takamaiman abin da ta gaza yi maka, ranar ce za ka san wacce za ka ƙara. A ganina Substance Painter ce ta fi cancantar zama ta biyu.

Na ƙera abu ya yi kyau a Blender, da na kai shi injin sai ya lalace. Me ya faru?

A nan ne ainihin karatun yake, kuma a nan yawancin 'yan koyo suke ajiye kayan aiki suna zargin manhaja. Ni ma abin da na fara kaiwa inji kujera ce 'yar tsugunno. Na kwana biyu ina gyara mata ƙafafu. Da ta shiga sai ga ta kwance a rigingine, girmanta ya fi na gidan da na ajiye ta a gabansa, fara fat babu fenti, kuma ƙafa ɗaya idan ka kalle ta daga hagu sai ta ɓace. Na zaci wani abu ne ya lalace a kwamfutar. Ashe kurakurai huɗu ne, duk nawa.

Kwanciyar ta samo asali ne daga saɓani kan ina ne sama. A Blender da Unreal, cikin layukan awo uku na X, Y da Z, layin Z ne ke kallon sama. A Unity da Godot, layin Y ne. Akwatin fitar da fayil yana da wurin daidaita wannan, kuma idan ka bi ta nau'in fayil ɗin da ake kira glTF shi da kansa yake juyawa.

Girman kuwa batun ma'auni ne. A Blender da Unity da Godot, ɗaya yana nufin mita ɗaya. A Unreal santimita ɗaya ne. Akwatin da Blender ke tarbarka da shi idan ka buɗe ta mita biyu ne ta kowane gefe, wato ya fi dogon mutum tsawo, amma a allo kamar ɗan kwalin ashana. Ka riƙa duba ainihin girman abin da kake ƙerawa, ka ajiye siffar mutum a gefe don kwatance. Kafin ka fitar, ka danna Ctrl da A ka tabbatar da juyi da girman da ka yi wa siffar, in ba haka ba injin zai karɓe ta da tsohon lissafi.

Ɓacewar ƙafa ita ta fi ba ni mamaki. Kowace fuska a siffar 3D tana da gaba da baya, kamar atamfa. Don rage wa na'ura aiki, injin wasa gaban kawai yake zanawa. Idan wata fuska ta juya ciki, sai ka ga rami a wurin. Blender tana nuna duka ɓangarorin, shi ya sa ba ka lura ba. Ka kunna Face Orientation, saitin da ke nuna gaba da bayan fuskoki, duk inda ka ga ja a waje to a juye yake. Ka zaɓi komai, ka danna Shift da N.

Fentin shi ya fi ɗaukar lokaci. Launukan da ka haɗa da zaren akwatunan lissafi a Blender, irin su zanen katako ko na dutse da manhajar ke ƙirƙira da kanta, ita kaɗai ta san yarensu. Shi injin wasa, hoto yake so, hoto na gaske irin PNG. Kafin a manna hoto a jikin siffa kuwa, sai an feɗe ta. Wanda ya taɓa ganin fiɗar ragon layya ya gama fahimtar abin da ake kira UV: a tsaga ta inda ba a cika gani ba, a ɗaye fatar, a shimfiɗa ta a ƙasa. A kan shimfiɗaɗɗiyar fatar ake zane, sannan a mayar da ita jiki. Idan ka tsaga a wurin da bai dace ba, zanen zai miƙe a wani wuri ya tattare a wani. Bayan fiɗa sai a gasa launin, wato a sa Blender ta kwafe shi ya zama hoto guda da injin zai iya karantawa.

Shi ya sa nake cewa tun a makon farko ka kai wani abu cikin inji, ko akwati ne mai fenti. Wanda ya shafe wata shida yana ƙawata siffofi bai taɓa fitar da ko ɗaya ba, duk waɗannan matsalolin rana ɗaya za su taru su same shi.

FBX, glTF, OBJ: da wanne zan fitar?

Idan Godot ne, glTF, wanda ƙungiyar Khronos ke kula da shi. Tun daga Godot 4 ma kana iya jefa fayil ɗin Blender kai tsaye, muddin tana girke a kwamfutar. Idan Unity ne ko Unreal, FBX ne aka fi sabawa da shi. OBJ tsoho ne mai sauƙin kai, kowa na karanta shi, amma ba ya ɗaukar ƙasusuwa ko motsi, don haka sai dai duwatsu da tukwane.

Fuska nawa ya kamata siffa ta kasance da ita?

Babu adadi guda, ya danganta da na'urar da za a buga wasan da kuma kusancin abin da idon ɗan wasa. Amma ga yadda za ka yi tunanin. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ya zana duk abin da ke allo. Katin hoto kuma alwatika yake ƙirgawa: kowace fuska mai kusurwa huɗu alwatika biyu ce, akwati ɗaya 12 ke nan. Ƙwallon da Blender ke ba ka idan ba ka taɓa saitinsa ba 960 ne. Ka zuba irinsa ɗari a matsayin lemo a teburin mai kayan marmari, ka kashe 96,000 a kan abin da ɗan wasa zai wuce da gudu bai ko kalla ba.

Ka yi hattara da Subdivision Surface, mai sa siffa ta yi sumul. Kowane mataki ninka fuskoki yake yi sau huɗu: 6, 24, 96, 384, 1,536. Daɗin kallo gare shi, shi ya sa 'yan koyo ke afka masa.

Hotunan fenti ma suna da nasu nauyin, wani lokaci fiye da fuskokin. Hoto mai 4096 ta kowane gefe, idan ba a matse shi ba, yana cin megabayit 64 a ƙwaƙwalwar katin hoto. Mai 1024 megabayit 4 ne. Idan mutanen da kake sa ran su buga wasanka ƙananan wayoyin Android ne a hannunsu, wannan lissafin ya fi komai muhimmanci.

Da me zan fara?

Kowa zai tura ka darasin zoben fanke na Andrew Price a YouTube, kuma yana da kyau wajen sanin inda maɓallai suke. Sai dai ka sani hoto mai ƙayatarwa yake koya maka fitarwa, ba kayan wasa ba. Kana gamawa ka nemi darussan siffofi masu ƙarancin fuska.

Sannan ka ɗaga kai ka dubi tsakar gidanku. Tulu, buta, murhu, turmi, akwatin ƙarfe, ƙofar zaure, zankon da ke saman katangar ginin gargajiya. Suna gabanka, za ka iya zagaya su ka auna da hannu. Kuma rumbunan kayan wasa na intanet cike suke da gidajen Turawa da takubban jarumansu, da wuya ka sami rumbun hatsi ko bukkar mai shayi. Maɓallai shida za su kai ka nesa: Tab don shiga gyara, G don matsarwa, R don juyawa, S don girma, E don zaro sabuwar fuska, Ctrl da R don yanka zobe.

Mutum kuwa ka bar shi sai can gaba. Idan lokacin ya yi, Mixamo na Adobe zai sa wa siffa mai ƙafa biyu ƙasusuwa kyauta, har da tafiya da gudu. Amma ka sa wa jaruminka riga mai kama jiki tukuna. Babbar riga idan ta bi ƙashin hannu ba tare da an daidaita ta da kyau ba, yana ɗaga hannu za ka ga ta buɗe kamar fuka-fukin jemage.

Dole ne in ƙera komai da kaina?

A'a. Kenney da Quaternius da Poly Haven suna ba da kaya a ƙarƙashin CC0, wato ka ɗauka ka yi abin da ka ga dama, har sayarwa. A sauran wurare ka karanta lasisi kafin ka ɗauka, wasu na neman a ambaci mai aikin, wasu sun hana kasuwanci. Idan burinka wasan ne ba ƙira ba, ka ari bishiyoyi da duwatsu, ka ƙera abin da babu shi a ko'ina. Ko a hakan sai ka buɗe Blender, don kayan aro kullum suna buƙatar a rage nan a gyara can.

Wasana 2D ne.

To ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan manhajojin ƙirar 3D. Krita don zanen hannu, Inkscape don zane mai tsabtar layi, Pixelorama ko Aseprite don zanen ɗigo-ɗigo irin na tsoffin wasanni. Ukun farko kyauta ne.

Aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, batirin laftof ɗin kuma ya daɗe da mutuwa. Shi ke nan?

Kafin ka yi salati ka dafe kai, ka buɗe Blender, ka shiga File, sai Recover, sai Auto Save. Tana ajiye kwafi da kanta duk bayan minti biyu idan ba ka sauya saitin ba, a babban fayil ɗin wucin gadi na kwamfutar. Ka zaɓi na ƙarshe ta lokaci, ka buɗe, ka adana shi nan take da sabon suna. Idan kuma kai ne ka adana kuskure a kan aiki mai kyau, ka duba kusa da fayil ɗinka za ka ga wani mai ƙarewa da blend1. Wannan shi ne yadda aikin yake kafin adanawarka ta ƙarshe. Ka goge lambar 1 ɗin daga sunan, zai buɗe.